Shawara: In karɓi aikin Abuja, ko in zauna da binciken da babu mai duba mini?

Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a sashen ƙididdiga na wata jami'a a nan Arewa. Shekaruna 31, ina da mata da 'ya ɗaya, ga kuma wani cikin. Na kammala digiri na biyu shekara biyu da suka wuce, a kan sarƙar Markov na yi aikina, wato lissafin yadda abu ke sauyawa daga wani matsayi zuwa wani, inda yiwuwar matsayi na gaba ta dogara ga na yanzu kawai. Tun daga nan raina ya kwanta da lissafin abubuwan da ke sauyawa da lokaci ba bisa tabbas ba, wanda muke kira sitokastik, kuma babban burina in yi digiri na uku a kansa.

Matsalar ita ce babu wanda ya ƙware a wannan fanni a sashenmu. Farfesan da zai duba ni ya ce in daina wahalar da kaina, in raba takardun tambayoyi in yi nazarinsu kamar kowa, shekara uku na gama. Ya kuma nuna mini mujallun da ake biya su buga maka takarda cikin mako biyu, ya ce da su ake samun ƙarin girma. Kwas biyar nake koyarwa, aji ɗaya ya haura ɗalibai 400. Rabon da in zauna in yi karatun kaina har na manta.

Yanzu wata ƙungiya mai aikin lafiya ta ba ni aikin nazarin alƙaluma a Abuja, kwantiragin shekara biyu, albashin ya kusa ninka nawa sau huɗu. Wata ɗaya suka ba ni in ba su amsa. Matata ba ta ce komai ba, sai dai ina ganin yadda take auna cefane. Mahaifina manomi ne, da kuɗin hatsi ya yi mini karatu, amma ranar da ya tambaye ni me nake bincike na kasa gaya masa. Kawuna kuwa cewa ya yi lissafin sa'a ai ƙanen caca ne da duba. In na karɓa ina jin na yar da burina, in na ƙi ina jin na zalunci iyalina. Don Allah ka ba ni shawara.

Daga malamin ƙididdiga

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya.

Tunda wata ɗaya aka ba ka, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: ina ganin ka karɓi aikin. Akwai sharuɗɗa, kuma ba masu sauƙi ba ne, amma bari in fara da dalilina.

Ka ɗora maganar kamar ilimi ne a hannun dama, kuɗi a hagu, aka ce ka zaɓa. Sake karanta wasiƙarka da kyau. Kwas biyar, aji mai mutum 400, rabonka da karatun kanka ka manta, wanda zai duba ka kuma yana tura ka ga aikin da ba ka so da mujallun da kai ma ba ka yarda da su ba. To ina binciken da kake tsoron bari? In ka zauna yadda kake, nan da shekara uku za a kira ka Dakta, amma digirin zai kasance a kan abin da ba shi ka nema ba, sitokastik ɗinka kuma zai tsaya daidai inda ka ajiye shi ranar da ka kare aikin digiri na biyu. Iyali ba su huta ba, ilimin ma bai samu ba. Wannan ne abin da nake jiye maka, fiye da ƙarancin albashin.

Fanninku yana da wata ɗabi'a da ta sa kaɗaici ke kashe shi. Mai nazarin takardun tambayoyi in ya yi kuskure, sau da yawa kwamfuta za ta nuna masa, ko alƙaluman su fito a karkace ya gane. Mai gina hujjar lissafi kuwa, matakin da ya ɓata shi ne wanda yake ganin ya fi kowanne fitowa fili, don shi ya rubuta shi. Sai an samu wani ya sa yatsa a layi na bakwai ya ce “nan fa, me ya ba ka damar musanya waɗannan biyun?” Wanda ba shi da irin wannan mutum zai iya kwashe shekaru yana gini a kan tsagewa bai sani ba. Shi ya sa nake ganin mai duba aiki na gaske ya fi sunan jami'a da matsayinka a cikinta muhimmanci, kuma shi ne ba ka da shi.

Kada kuma ka ɗauka wanda ya shiga ofis ya yi sallama da bincike. Agner Erlang malamin makaranta ne a Danmak kafin kamfanin tarho na Kopanhegan ya ɗauke shi a 1908. Tambayar da ke gabansa ta 'yan kasuwa ce zalla: layi nawa za a ja don kada masu kira su riƙa tarar da shi a cike? A 1909 ya nuna cewa kiran da ke shigowa yana bin rabon Poisson, wato tsarin lissafin yawan abubuwan da ke aukuwa ɗaya-ɗaya ba bisa tsari ba, a 1917 ya fitar da lissafin da har gobe kamfanonin waya ke aiki da shi, kuma a nan ilimin layin jira ya samo tushe. A kamfanin ya zauna har rasuwarsa a 1929. Kiyosi Itô kuwa, wanda duk mai son yin nisa a fanninku sai ya bi ta kansa, da ya gama jami'ar Tokyo a 1938 hukumar ƙididdiga ta gwamnatin Japan ya shiga. Yana ma'aikaci a can ya duƙufa kan ayyukan manyan masana lissafin yiwuwa, Kolmogorov da Paul Lévy, ya wallafa aikinsa na 1942 da ya zama harsashin lissafin da ake kira da sunansa. Ana tsakiyar yaƙi, mutane ƙalilan ne suka karanta shi a lokacin. Sai a 1943 ya koma jami'ar Nagoya. A 2006, yana da shekara 90, aka ba shi lambar yabo ta Gauss, shi ne ma na farko da ya karɓe ta.

Ban kawo su don in ruɗe ka ba. Waɗannan fitattu ne, kuma masu cewa “shekara biyu kawai zan yi in dawo” sun fi masu dawowar yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda ya zauna a aji ya kai gaci, adalci ne in ambace shi. David Blackwell, baƙar fata ɗan Amurka, a kan sarƙar Markov ya yi digirinsa na uku a 1941 yana da shekara 22. Saboda wariyar launin fata ta zamanin, kwalejojin baƙaƙe sama da 100 ya rubuta wa neman aiki. Ya yi shekara 10 a jami'ar Howard, ga koyarwa ga shugabancin sashe, bai fasa fitar da aiki mai nauyi ba, har Berkeley ta kira shi a 1954. Amma dubi abin da ya shiga ajin da shi. Joseph Doob ne ya horar da shi, ɗaya daga cikin maginan fannin, sannan a Washintan ya samu abokin tunani, Abraham Girshick, suka yi shekaru suna aiki tare. Shi da horonsa a hannu ya shiga wahalar koyarwa. Kai horon kake nema tukuna.

Yanzu ga sharuɗɗan. Kafin ka ba kowa amsa, ɗauko takardar ɗaukarka aiki da kundin dokokin ma'aikatan jami'arku ka karanta da idonka. Ka duba ko akwai hutu ba albashi, da shekarun aikin da ake bukata kafin a ba mutum. Ka kuma duba, in jami'a ko TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ce ta ɗauki nauyin digirinka na biyu, ko ka sa hannu a yarjejeniyar yi musu aiki na wasu shekaru. In ka sa, alkawari ne, sai ka cika shi ko ka warware shi ta hanyar da aka tanada. Hutun kuma ka neme shi a rubuce ta hannun shugaban sashe, kada ka dogara da “je ka, ba komai” na fatar baki. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne karɓar albashi biyu kana leƙo aji sau ɗaya a wata. Haƙƙin yara 400 ne, ba za ka iya ɗauka ba.

Za a ce maka aikin gwamnati ya fi tabbas, akwai fansho. Gaskiya ne, kuma kwantiragi ranar da ya ƙare ya ƙare. Sai dai kai ma ka san yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas malamai na zaune babu albashi. Kowane ɓangare da nasa haɗarin. Maganin na kwantiragin shi ne ka yi zaman Abuja kamar baƙo: kada ka ɗaga rayuwarka daidai da sabon albashi. Ka ware kaso mai kauri, ni da kashi ɗaya cikin uku zan fara, ka zuba a asusun da ba ka yawo da katinsa a aljihu. Wannan kuɗin shi ne na jarrabawar Turanci, da fasfo, da biza, da abin da za ka bar wa iyali a watannin farko na karatu. Ranar da ka ɗauki mota bashi ko ka kama hayar da ta cinye rabin albashi, ranar ka rufe ƙofar digirin da hannunka.

Shirun maiɗakinka kawaici ne, kada ka ɗauke shi a matsayin amincewa. Ku zauna bayan yarinya ta yi barci, da takarda da biro, ka rubuta mata albashin, da kuɗin haya a Abuja, da abin da zai rage. Ka tambaye ta ko za ta bi ka ko ta fi son zama kusa da danginta har ta gama jego, ka kuma saurari amsar ko ba ita kake so ba. Mafi muhimmanci, ka gaya mata rabin labarin na biyu tun yanzu: bayan shekara biyun nan na yalwa, kana da niyyar komawa ɗalibi na shekara uku ko huɗu, wataƙila a wata ƙasa, da ɗan alawus. In ta ji wannan daga bakinka yau, shiri ne kuka yi tare. In sai ta saba da yalwar sannan ta ji, za ta ga kamar ka janye mata tabarma, kuma tana da gaskiya. Ka kuma tambayi ƙungiyar ko za su iya daidaita ranar fara aiki da lokacin haihuwar. Tambaya ce ta mutunci, ba ta zubar da kowa.

Sharaɗin da ya fi wuya tsakaninka da kanka yake. Sau da yawa aikin digiri na biyu a kan sarƙar Markov yakan tsaya ga haɗa jadawalin sauyin matsayi, a sa wa kwamfuta ta ninka, a fitar da rabon da sarƙar ke komawa gare shi. Aiki ne mai kyau, amma digiri na uku a sitokastik yana tsaye ne a kan ka'idar awo, wadda Kolmogorov ya ɗora lissafin yiwuwa a kanta a 1933, sannan matingel (lissafin wasan da a matsakaici ba riba ba asara), sannan tafiyar Brown (lissafin motsin da ke ta kai-komo ba bisa tsari ba). Ka gwada kanka wata shida. Littafin James Norris a kan sarƙar Markov da na David Williams a kan matingel sun isa mafari, na Rick Durrett ma shi da kansa ya sa shi kyauta a shafinsa na intanet. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gari. Karatu kaɗai ba ya ƙirguwa, atisayen ƙarshen babi za ka warware a littafin rubutu, da hannunka. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu irin ƙishirwarka, ko a wace jami'a suke, ku riƙa haɗuwa ta waya sau ɗaya a mako kowa yana tsefe hujjar ɗan'uwansa. Bayan wata shida za ka san gaskiyar kanka. In ka tarar kana tashi da marmarin atisayen da ya kayar da kai jiya, to fannin naka ne. In kuma ka ga aikin alƙaluman lafiya ya fi daɗaɗa maka rai, ba ka faɗi ba, ƙididdigar lafiya fanni ne mai daraja da ake yin digiri na uku a kansa, kuma gara ka gano haka da albashi a hannu.

Abin da ya ƙara sa ni karkata ga aikin nan shi ne cewa na lafiya ne, domin a nan fanninka da ƙasarmu suka taɓa haɗuwa sosai. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi feshin gidaje, an raba magani, ana kuma ɗibar jinin mutanen ƙauyukan duk bayan mako 10 ana dubawa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan mako 10 ɗin. An duba yaro yau an ga ƙwayar cuta, an dawo bayan mako 10 an sake gani. Shin tun wancan karon take jikinsa, ko ya warke ya sake kamuwa, ko ma sau biyu? Babu wanda ya ga abin da ya faru a tsakani. Cutar tana tafiya ne kullum dare da rana, kai kuma leƙe kawai kake yi jefi-jefi, kana son ka fitar da saurin kamuwa da saurin warkewa daga leƙen. Joel Cohen da Burton Singer sun ɗauki alƙaluman Garki a 1979 da 1980 suka fuskanci wannan da sarƙar Markov mai tafiya ba yankewa. Tambayar da ke ƙarƙashin aikin kuwa ta tsantsar lissafi ce: yaushe ne jadawalin da ka gani a leƙe zai iya fitowa daga irin wannan sarƙa? In matsayi biyu ne kawai, mai cuta da marar cuta, amsar sananniya ce, sai yiwuwar zama a matsayin farko da ta zama a na biyu in an haɗa su sun haura ɗaya. Da zarar matsayin sun yawaita, a ce mutum na iya ɗauke da nau'in ƙwayar fiye da ɗaya, lamarin ya rikice, kuma har yau masana na aiki a kansa. Ka ga ke nan jinin yaran Garki ya kai mutane ga tambayar da farfesanka zai kira wahalar da kai. A ofishin da za ka je za ka tarar da irinta birjik: masu karɓar magani da ke ɓacewa su dawo, yaran da ke fara rigakafi su tsaya a hanya, layin jira a asibiti. Abokan aikinka za su zana musu jadawali su wuce, kai kuma za ka ga sarƙar da ke ciki.

A nan sai in ja kunnenka. Alƙaluman ƙungiya ba naka ba ne, na marasa lafiya ne da aka ba su amana. Kada ka kwafi ko layi ɗaya don bincikenka sai da izini a rubuce da amincewar kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike. Ka faɗa musu tun ranar tattaunawar kwantiragi cewa kana da sha'awar bincike, ka ji matsayinsu.

In izinin bai samu ba, ga ruwan sama nan, kuma shi ne zai buɗe maka bakin magana da Baba. Tun 1962 Gabriel da Neumann suka nuna da alƙaluman Tel Abib cewa ana iya kwatanta jerin ranakun ruwa da na rashinsa da sarƙar Markov mai matsayi biyu. A farkon shekarun 1980 Roger Stern na jami'ar Reading a Ingila da abokansa suka yi nazarin faɗuwar damina a Afirka ta Yamma. A 1988 Sivakumar, yana cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya ba da ma'aunin da ake yawan amfani da shi a yankinmu: damina ta kama in bayan 1 ga Mayu aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo baya ruwa bai ɗauke ƙafa fiye da kwana bakwai ba. Dubi rabin ma'aunin na biyu. Ranar da manomi zai yanke shawarar shuka, bai ga kwana 30 ɗin ba tukuna. Abin da za ka iya ba shi shi ne yiwuwa: in ya yi shuka a wannan mako a wannan gari, cikin shekaru nawa irin wannan ne ruwa ya yanke har shuka ta ƙone? Tashar Samaru ta daɗe tana ajiye awon ruwan kullum, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na da nata, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai na da na yankin Sahel. Akwai kuma CHIRPS, ƙiyasin tauraron ɗan'adam tun daga 1981, kyauta a intanet, sai dai ka riƙa gwada shi da awon ƙasa, don a lissafin rana-rana yakan kauce. Da manhajar R, wadda ita ma kyauta ce, za ka iya kammala ƙaramin aiki mai tsafta cikin shekara. Kada ka raina shi. Markov da kansa, a 1913, zama ya yi ya ƙirga haruffa 20,000 na farkon wani littafin waƙen Pushkin, marubucin Rasha, da hannu, ya samu wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362, ya nuna cewa bayan baƙi wasali ke zuwa kusan sau biyu cikin uku, bayan wasali kuwa da wuya wani wasalin ya biyo. Kafin ka bar aji, ka sa ɗalibanka su yi irin wannan ƙirga da shafi ɗaya na jaridar Hausa, su ga yadda namu harshen zai fito.

Wannan ƙaramin aikin shi ne takardar shaidarka wajen neman gurbin karatu. Farfesan da ke samun wasiƙu barkatai masu cewa “ina sha'awar fanninka” zai tsaya a kan wadda ta zo da shafi goma na aikin da aka gama, da tambaya ɗaya takamaimiya a kan takardarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka fara nema tun shekarar farko ta kwantiragin. Cibiyar koyar da lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Komawa digiri na biyu a irin wannan wuri don a gyara harsashi ba abin kunya ba ne, can ma ake haɗuwa da malaman da ke rubuta wa mutum takardar shaida mai nauyi. Akwai cibiyar binciken kimiyya ta ICTP a Tiriyeste ta Italiya, akwai tallafin DAAD na Jamus, akwai na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Kowanne da sharaɗinsa, wasu har da iyakar shekaru, ka shiga shafinsu ka karanta da kanka a wannan watan. Kada ka manta da gida kuma. Rashin ƙwararre a sashenku ba ya nufin babu shi a Najeriya. Ka halarci taron ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasa, ka bi kwasa-kwasan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja, wadda za ta zama maƙwabciyarka. Ana kuma yin tsarin da mutum zai yi rajista a nan, mai duba aiki na biyu yana waje.

Mujallun mako biyu kuwa, ka nisance su, ko ka tafi ko ka zauna. Takardar lissafi ta gaske takan yi watanni a hannun masu tantancewa, wani lokaci shekara, don sai sun bi hujjar layi-layi. Kwamitin da zai duba takardunka a waje ya san waɗannan mujallu, kuma sunanka a cikinsu ya fi rashin wallafa komai illa. Farfesan naka dai kada ka yi masa gardama ko ka kai ƙararsa gaban kowa. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, hanyar da ya ga tana kai mutane ce ya nuna maka. Ka je ofishinsa ka yi masa godiya, ka ce kana son ka ƙara gina kanka kafin ka yi rajista, ka nemi albarkarsa. Gobe sa hannunsa za ka nema.

Kawu kuma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kada ka yi masa dariya. Lissafin yiwuwa da tambayoyin 'yan caca ya fara, a wasiƙun Pascal da Fermat na 1654, kuma lissafin Itô shi ne ƙashin bayan hanyar sa farashi da Black da Scholes suka fitar a 1973 don kasuwannin hada-hadar kuɗi. In zuciyarka ba ta natsu da wannan ɓangaren ba, babu mai tilasta maka shiga, fannin yana da faɗi. Amma batun duba, ka bayyana masa cikin ladabi cewa mai duba cewa yake ya san abin da zai faru gobe, kai kuma aikinka yana farawa ne daga yarda cewa ba ka sani ba, sai ka ƙirga abin da ya wuce don a yi tanadi. In shakkar ba ta bar shi ba, ku je tare wurin malamin da ya aminta da shi, ka kwatanta aikin da misalin ruwa ko na zazzaɓi, malamin ya yi masa bayani.

Baba kuwa, tambayarsa za ka yi kafin ka ba shi amsa. Ka same shi a gona ko a zaure ka ce, “Baba, shekarun da kuka yi binne ko kuka bi ruwan farko, sau nawa aka sake shuka? Me kuke dubawa kafin ku fitar da iri?” Zai ba ka labarin shekaru da sunayensu, da iskar da yake lura da ita, da makon da ba ya yarda da ruwansa. Ka rubuta. In ya gama sai ka ce masa abin da kake karanta ke nan, yadda za a haɗa irin wannan sani na garuruwa da yawa da shekaru da yawa a fitar wa manomi lokacin da asarar iri ta fi ƙaranci. Zai gane, wataƙila ma ya gyara maka wani zato da ka ɗauko daga littafi.

Abu biyu ne za su sa in janye shawarata. In ka tarar akwai yarjejeniyar da ta ɗaure ka kuma ba ka da halin warware ta, to ka zauna ka cika, ka nemi a rage maka kwas ko da ɗaya ne, ka fara karatun asuba da neman gurbi daga inda kake, kuma kada ka yi rajistar digirin takardun tambayoyi don kawai a ce kana yi. Haka nan in maiɗakinka, bayan ta ji duka labarin, ta ce ba za ta iya rabuwar gari a wannan hali ba, maganarta ta fi tawa. In kuwa hutun kawai aka hana ka, babu yarjejeniya, ita kuma ta amince, ni dai ina ganin ka ajiye aikin cikin mutunci, ka gama makin takardun ɗalibanka ka miƙa sakamako kafin ka fita. Ka yi istihara, ka ba ƙungiyar amsa kafin wa'adin ya cika. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri.